Akwati Goma da Suka Ɓata Tsakanin Anka da Gummi

A wajenmu nan yammacin Zamfara ba a duban idon mai biki a ce masa ba za a zo ba. Rashin kunya ke nan. Yadda ake yi shi ne a karɓi goron gayya da hannu biyu, a ja addu'a mai tsawo, a ce Allah ya kai mu da rai da lafiya, ranar biki kuma a wayi gari da ciwon gwiwa. Shi ma mai bikin ya san dawan garin. Tun yana miƙa goron yake ware mutane a zuci: ga waɗanda za a dafa abinci da su, ga waɗanda addu'arsu ce kawai za ta halarta.

Uzuri kuwa ba ya wuyar samu a wannan zamani. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas ta dire Gummi ya san ba a hawanta don marmari. Direba ba ya son la'asar ta riske shi a daji, fasinja kuma kowa da carbinsa a hannu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ma sai an yi shawara da aljihu. Don haka idan dattijo ya ce hanya ta hana shi zuwa, ba mai ganin laifinsa. Malamai sun karantar da mu cewa amsa gayyata haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, sun kuma ce uzuri yana ɗauke shi. Har nan babu rigima. Rigima tana farawa ne idan ƙafa ta ƙi zuwa, kunne kuma ya ce shi lallai sai ya halarta.

Bayan kaka ƙanena ya tashi aure. Mu muna Anka, yarinyar 'yar Gummi ce, danginmu kuwa sun warwatsu a ƙasar Bukkuyum har zuwa Gusau. Da aka sa rana, Baba ya kira ni zaure ya ce, "Malam, shekara da shekaru kana koya ma ɗiyan mutane lissahi. To ga lissahin gidanku ya zaka. Kai za ka riƙe gayya, kai za ka riƙe waya." Ni malamin firamare ne, lissafi nake koyarwa a aji biyar, kuma a gidanmu duk abin da ya shafi biro da takarda ni ake jibga wa. Na karɓi muƙamin da fara'a, har da sayen sabon littafi mai bango mai kauri.

Gayya tana da tsarinta. Dattijo ba a tura masa kati ta waya. Sai ka taka ka je, ka durƙusa, ka ajiye goro da alewa, ka faɗi rana da wuri ko da ya riga ka sani. 'Yan boko a ba su kati mai zanen fure. Sauran jama'a a watsa musu ta WhatsApp, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Mata suna da nasu reshen daban, na anko da kuɗin anko, wanda namiji mai son zaman lafiya ba ya tsoma baki a ciki. Na yi duk wannan yadda ya kamata, na dawo da alkawura cike da aljihu. Mutum uku ne kawai suka nuna mini tun da wuri cewa kada a sa ran ganinsu, kuma su ne suka raba ni da barci.

Ta farko Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ke aure a Bukkuyum tun kafin a yanke jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, kuma har gobe idan ranta ya ɓaci cewa take za ta kai ƙara Sakkwato. Ita gwiwa ce ta hana ta. Gwiwar nan kowa ya san tarihinta: ta fara ciwo ne ranar da labari ya isa Bukkuyum cewa ƙanena ya tsallake autarta, taubashiyarsa da aka daɗe ana yi masa tayi, ya tafi Gummi neman bare.

Na biyu Kawu ne, ƙanen Inna, ɗan kasuwar hatsi a Nasarawar Burkullu. Shi hanya ya kawo. Motarsa ta gero ba ta fashin kasuwa ko ɗaya a kan wannan hanyar, amma da aka zo maganar biki sai hanya ta lalace. Inna ba ta yi ƙorafi ba. Ta dai tuna mana, ba tare da kowa ya tambaye ta ba, cewa ranar da ya aurar da 'yarsa buhun shinkafa ta kai da zannuwa. A wurin mata gudunmawar biki bashi ce. Ba a rubuta ta a takarda, ba ta kuma taɓa ɓacewa.

Na uku taubashina ne da ke aikin gwamnati a Gusau. Ya ce yana da taron gaggawa a ofis. Na ce masa ranar Asabar ce fa. Ya ce shi ya sa ake kiransa na gaggawa.

Tun kafin a kai lefe wayata ta daina hutawa. Masu niyyar zuwa ba su da tambaya sai ta ƙarfe nawa mota za ta tashi. Waɗannan ukun kuwa sai ka ce hukumar bincike ce ta ɗauke su aiki. Nawa ne sadaki? Akwati nawa a lefe? Sarƙar ta zinari ce ko ruwa aka shafa mata? Uban yarinya me yake yi? Sa za a yanka ko akuya? An gayyaci wance, duk da abin da ta yi a sunan gidan wane? Har na fara kewar watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mun sha wuya a lokacin, mutane har jihohin maƙwabta suke zuwa don su ji muryar 'yan'uwansu. Amma wani abokina da aurensa ya faɗa a wannan tsakanin har yau yana cewa bai ga biki mai albarka irin nasa ba: wanda ya zo ya gani, wanda bai zo ba ya haƙura.

Gaskiyar maganar ba ta da wani abin mamaki. Sadaki naira dubu 200, lefe akwati 4, ɗan bijimi guda na walima. Daidai mai rufin asiri. Sai dai a kwalejin horon malamai an koya mana cewa kowane ɗalibi da irin bayanin da ya dace da shi, ni kuma ban ga dalilin da zai sa ilimi ya tsaya a cikin aji ba.

"Kai ɗan nan," in ji Gwaggo, "hwaɗa min tsakaninka da Allah, nawa anka yanke?"

Na tuna gwiwarta, na tuna autarta. Na sassauta murya na ce, "Gwaggo, abin ba yawa. Dubu 50 ne. Akwatin ma biyu ne, ɗayan bai cika ba."

Ta yi shiru, sai na ji wata ajiyar zuciya mai daɗi ta ratso wayar. "Allah sarki. Ai ni na sani, arha ta kai shi Gummi. To, Allah shi sa albarka." Tun da aka fara maganar auren nan wannan ce albarka ta farko da ta fito daga Bukkuyum. Na kashe waya ina yaba wa kaina.

Kawu kuwa buhun shinkafar Inna nake so in tayar daga barci. Da ya tambayi yadda shiri ke tafiya sai na marairaice. "Kawu, sai addu'a. Bashi ya kai mana iya wuya. Mai shinkafa yana bin mu, tela yana bin mu, ko mai goro ba mu sallama ba." Na kasa kunne in ji ya ce a turo yaro ya ɗauki buhu. Ya ce, "Ash! Allah shi ruhwa asiri. Haka zamani yaz zama." Daga nan layi ya katse, irin katsewar da ɗan yatsa ke haddasawa.

Shi taubashi ba a zuwa masa ta ƙasa. Tun muna yara ba ma raga wa juna, da ya samu aiki a Gusau kuma ya mai da mu ƙauyawa. "Malam alli," ya ce, "an ce a buhun taki kuka kai lefe." Jinina ya hau. Na ce, "Akwati 12, ɗan birni, kowanne da makullin lamba. Sadaki naira miliyan 1. Shanu biyu suna ɗaure a ƙofar gida, kuma akwai babban baƙo daga Abuja da ba a yarda in faɗi sunansa ba." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta da ƙafafu. A raina na ce wasan taubasai ne, kowa ya san ba a kai shi kasuwa.

Ranar ɗaurin aure muka yi sammako, motoci a jere ba mai wuce wani, muka isa Gummi da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan kakan amarya. Liman a tsakiya, waliyyi da wakilin ango suna fuskantar juna, ni kuma aka zaunar da ni dab da waliyyi, ƙwaryar goro a gabana. A nan dole in yi bayanin wayata. Tun da ta faɗa bokitin wanki ƙaramar lasifikarta ta mutu, saura babbar, wadda idan aka kira ni duk unguwa sai ta san halin da ake ciki. Shi ya sa a Anka bayan makaranta nake zagayawa in amsa kira. A Gummi kuwa ina tsakiyar sahu, gwiwa da gwiwa da manya.

Liman ya ce a yi salati, wuri ya yi tsit, sai ga kira. Na zura hannu aljihu da niyyar kashewa. Ɗan yatsa ya sauka inda ya ga dama.

"Kai ɗan nan! An ɗaura? Wai da gaske na wagga amarya ta girmi yaronmu?"

Muryar Gwaggo ko a fili ba ta neman taimakon lasifika, balle an ba ta. Waliyyi ya juyo a hankali ya dube ni ta saman tabarau. Liman ya tsaya da hannu a sama. Na tattaro sauran ladabina na ce, "Hajiya, kin yi ɓatan lamba."

"Ɓatan lamba? Ni da nig goya ka kana jiƙa min zane? Ba kai na ba, malamin lissahi na Anka?"

Na danne wayar da cinya har ta mutu. Wani tsoho a bayan sahu ya ce, "Allah shi shirya," bai kuma bayyana wa yake nufi ba. Aka ci gaba. Wakili ya nema, waliyyi ya bayar, aka shafa fatiha, sanƙira ya miƙe ya shelanta wa duniya cewa an ɗaura aure a kan sadaki naira dubu 200, lakadan ba ajalan ba. Duk wanda ya tako zuwa wurin ya ji adadin da kunnensa, kyauta, har da goro da dabino a kai. Abin da mutanena uku suka yi ta ƙona katin waya suna nema ke nan.

Aka ci waina, aka sha fura, mata suka yi nasu shagalin a cikin gida. Washegari da rana tsaka aka kawo amarya Anka, don yanzu ba mai kai amarya da dare a wannan hanya. Na rufe littafina mai bango mai kauri, na ɗauka aiki ya ƙare. Har yau ina ganin tsarin nan nawa ba shi da aibu. Abin da ba ya cikin lissafi shi ne matar wani ɗan'uwanmu da ke Ɗaki Takwas tana da tsohon ciki.

Ranar suna ikon Allah ya bayyana. Gwiwar Gwaggo ta warke, hanyar Kawu ta gyaru, ofishin taubashina kuma bai kira taro ba. Ni ina makaranta muna jarrabawa. Bayan an ci tuwo, Kawu da taubashina suka shiga cikin gida gaida Gwaggo, aka shimfiɗa musu tabarma, hira ta gangaro kan bikin Gummi.

Gwaggo ce ta fara, cikin tausayi, cewa yaron kirki ya ƙare da auren dubu 50 da akwati biyu. Taubashina ya ce wace irin dubu 50, miliyan guda aka biya, akwati 12, daga bakin Malam ya ji. Kawu ya ce shi kuwa Malam ɗin da kansa ya kusa yi masa kuka saboda bashi. Wata mata da ta je bikin ta sa baki ta ce ita dai dubu 200 mijinta ya ji an shelanta, akwati kuma huɗu ta ƙirga da hannunta. Aka ce ta yi wa mutane shiru, me ta sani, abin da ake faɗa a bainar jama'a daban, na cikin gida daban.

Mai karatu zai zaci a nan za su gane an yi musu ƙarya. Ina! Ba wanda ya yarda shi aka yi wa. Kowa ya riƙe nasa a matsayin sirrin da aka ba shi saboda girmansa. Sai suka haɗa labaran uku suka buga lissafi, kuma a matsayina na malamin fannin dole in yaba tsaftar aikin. An tara miliyan 1, an miƙa dubu 50, saura dubu 950. An sayi akwati 12, biyu sun isa Gummi, saura 10. An bar gida cikin bashi. Wa ke riƙe da biro da takarda? Malam.

Kafin magariba labarin ya riga motocin kasuwa isa Anka da Bukkuyum da Gummi.

Kawu ne ya fara kira, murya a sanyaye. "Ɗana, ashe Allah ya buɗa. Ka ranta min dubu 300 in saye gero in aje, in ya yi tsada mu raba riba."

"Kawu, ai na faɗa maka bashi ne a kanmu."

"Na gane, na gane. Haka masu shi ka cewa."

Gwaggo ita ta hanyar shari'a ta bi. Ta aika a tambayo mata wani malami a unguwarsu hukuncin auren da aka ɗaura a kan dubu 50. Malam ya amsa daidai da abin da aka kai masa: a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato zinari giram ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma da tsadar zinari da faɗuwar naira dubu 50 ba ta kai ba, sai ango ya cika. Gwaggo ta ji "ba ta kai ba", ba ta tsaya jin "ya cika" ba. A ranar ta tura autarta kitso.

Na dawo daga makaranta na tarar da uwargida zaune a bakin gado, babu sannu da zuwa.

"Malam, wace ce?"

"Wa?"

"Mai akwati goman."

Na rantse, na sake rantsewa. Ta ce ita ba yarinya ba ce, namiji ba ya ɓoye akwati 10 don ya zuba alli. Ta ce kishiyar ma ba ita ta dame ta ba, abin da ya ƙona mata rai shi ne ita da akwati uku aka kawo ta, ɗaya ma na aro. Daga ranar miyar gidanmu ta koma gishiri zalla. Ango da ya kamata ya fito ya wanke ni ya kashe waya yana cin amarci. Amarya ce kawai ta tausaya mini. Ba ta haɗa ido da ni saboda kunyar wan miji, amma ta aiko yaro da kwanon shinkafa da miya, da saƙon cewa in ji ta dubu 50, a yi haƙuri da girkin arha. Na cinye tas.

Sauran lokuta na koma abokin hirar mai shayi, kuma a teburinsa ne maganar ta canja kama. Ya ja ni gefe ya ce wani baƙon fuska ya zo yana tambayar gidan da aka yi lefen akwati 12, wai an ce sun dace da zinari a Bagega. Wanda ba ɗan nan ba zai iya ɗaukar wannan yabo ne. Ƙasar Anka tana da zinari, kuma ko a shekarun da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, ba a daina jin wane ya dace ba. Amma a inda kowa ya san akwai infoma masu kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya samu, a ce kana da miliyan a ɗaki mugun fata ne. Gidaje nawa suka sayar da gona da shanu don biyan kuɗin fansa?

Da Baba ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da can mai tsegumi kunya kawai shika jawo ma. Yanzu adadi in ya hita baki, ba ka san kunnen da za shi sauka ba." Daga nan ya ɗauki matakin tsaro irin nasa. Ya ciro tsohuwar rigarsa mai faci, wadda Inna ta daɗe tana neman mai da ita tsumma, ya dinga zama da ita a ƙofar gida yana taya ƙuliƙulin naira 50 da ƙarfi, yana neman ragi, don duk mai wucewa ya shaida talaucinmu. Yarinyar mai tallar har ta daina bi ta layinmu.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo a Anka, ƙullin hoce a ka, tana takawa ba sanda. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce ɗakina, uwargida na haska mata tocila. Ban taɓa ganin su biyun sun haɗa kai a kan wani abu ba sai ranar. Aka duba ƙarƙashin gado, aka leƙa rumbu, aka kori kaji daga akurki. Abin da aka samu tsohuwar adaka ce cike da takardun jarrabawa da takalmi ƙafa ɗaya. Gwaggo ta karkaɗe hannu ta yanke hukunci: "Ya riga ya kai su gidan yarinyar." Uwargida ta fashe da kuka.

Saƙon Gummi ya fi kowanne gajarta. Kakan amarya ya aiko yana gaida Baba, yana kuma son ganin malamin nan mai waya. Sun ji dangin ango na yawo da cewa 'yarsu ta dubu 50 ce, ga kuma tsohuwar maganar girme da aka yi a gaban liman. Baba ya sayi ƙwaryar goro ya tasa ni gaba. A mota ya tuna mini cewa Gummi ba garin da ake kai wa shaidar zur ba ne, tun da Sarkinsu ma, Mai Shari'a Lawal Hassan, sai da ya yi alƙalin alƙalan Abuja kafin ya hau gadon sarauta a 2013. "In ka buɗe baki," in ji shi, "ka hwaɗi guda, ka tsaya kanta."

Tsohon ya saurare ni tun daga gwiwar Gwaggo har zuwa ƙuliƙulin Baba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na zaci fushi ne, ashe dariya yake dannewa. Da ya samu numfashi ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Malam, kai kaɗai anka tambaya? Ni na aurad da ɗiya, na aurad da jikoki. Duk wanda bai zaka ba yak kira ni, abu guda nika ce mai: an yi lahiya, an watse lahiya, saura addu'arku."

"Ranka ya daɗe, idan ya ce nawa ne sadaki fa?"

"In ce Alhamdu lillahi, Allah ya ruhwa asiri."

"Idan ya ce akwati nawa?"

"In ce daidai ƙarhin mai shi."

"Idan ya nace?"

"In koma kan an yi lahiya. Kati nai ka ƙarewa, ba nawa ba."

Ya ƙara da cewa abin da shari'a ta so a sani an riga an shelanta shi a gaban shaidu, lefe kuma matan da suka buɗe shi sun gani, sauran duk sirrin ango da amarya ne. Sannan ya karɓi goron, ya ce magana ta wuce, sai dai in zan sake zuwa Gummi in bar wayar a Anka.

Wani yaro a gidan ashe ya ɗauki bidiyon ɗaurin auren, muryar sanƙira ta fito tar, haka ma ta Gwaggo. Aka tura shi dandalin dangi na WhatsApp, ƙanwata kuma ta fito da jerin kayan lefe da ta rubuta da hannunta. Kawu ya janye neman rance, buhun shinkafa dai har yau yana hanya. Taubashina ya ce shi dama bai yarda ba, ya maimaita ne kawai don duniya ta ji irin ƙaryar mutanen Anka. Baba ya koma rigarsa ta kirki. Uwargida ta yarda babu akwati 10, amma ta ce tashin hankalin da ta shiga ba zai tafi a banza ba: turmin atamfa biyu da kuɗin ɗinki, daga albashin malamin firamare.

Gwaggo ta kalli bidiyon har ƙarshe, ta ce muryar nan ba tata ba ce. Sannan ta dangwala yatsa a fuskar wayar. "Wane na wanga mai babbar riga kusa ga liman? Nawa yas saye ta? Shina da mata?"

Na gyara zama na ce, "Gwaggo, an yi lafiya, an watse lafiya, saura addu'arku."

"Ba shi nit tambaye ka ba."

"Alhamdu lillahi, Allah ya rufa asiri."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya wajen Baba ta ce, "Wanga yaro ya lalace. Da can ko ƙarya ta, yana ba mutum abin riƙewa."

To, jama'a, uzuri ba abin kunya ba ne. Idan an gayyace ka ba za ka samu zuwa ba, ka faɗa da wuri don kada a dafa da kai. Ka aika da abin da ya sawwaƙa, idan ana bin ka biki ka biya, bayan an watse ka kira ka yi Allah sanya alheri. Tambaya guda ce ta halatta gare ka: an yi lafiya? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, don haka wanda ƙafarsa ta huta ya bar bakinsa ma ya huta.

Kai kuma da aka damƙa wa wayar biki, ka tanadi amsa guda ka riƙa ba kowa, babba da yaro, masoyi da mai hassada, har da taubashi. Kada ka yi fushi, kada ka ce wa kowa ina ruwansa, don gobe kai ne durƙushe a zaurensa da goro. Kada kuma ka ambaci adadi a waya. Na gaskiya yana iya sauka a kunnen da ba ka so, na ƙarya kuwa ni na san farashinsa: turmin atamfa biyu da kuɗin ɗinki.